Cocin da Ke Bayan Gari

A shekarar 2020, kullum da yamma nakan karanta adadin waɗanda korona ta kashe a labaran rediyo. Wata rana bayan na fito daga ɗakin watsa shiri, sai na tambayi kaina: idan annoba ta wuce, me ke saura da zai tuna wa na baya? Neman amsar nan ce ta kai ni ga tarihin ƙauyukan tsaunin Alps a Turai.

Tsakanin 1347 da 1351, Baƙar Annoba ta hallaka kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, kuma ta yi ta dawowa har ɗaruruwan shekaru. Lokacin Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648), sojoji da fatake masu ratsa tsaunuka suka riƙa shigar da ita ƙauyuka. Ba wanda ya san ƙumar jikin ɓera ke yaɗa ta. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong.

Da magani ya gagara, mutanen suka koma ga bakance: in Ubangiji ya ɗauke musu bala'in, za su gina masa ɗakin ibada. A Innsbruck ta Ostiriya, bayan annobar 1611, an gina cocin Dreiheiligen. Ƙauyuka kuwa ƙaramin coci suke iya ginawa, galibi da sunan waliyyi Sebastian ko waliyyi Roch, mutumin Montpellier a Faransa. Kiristoci na ruwaito cewa Roch ya yi jinyar masu cutar a Italiya har ta kama shi, ya keɓe kansa a daji, wani kare na kai masa burodi. Shi ya sa ake zana shi yana nuna kaluluwa a cinyarsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wurin da aka gina su. Da yawa suna bayan gari, inda aka killace marasa lafiya, aka kuma binne gawarwaki da gaggawa ba tare da dangi sun raka su ba. Ginin ne ya biya musu haƙƙin da tsoro ya hana.

Mutanen Oberammergau a Jamus nasu bakancen na 1633 wasan kwaikwayo ne na wahalar Almasihu, duk shekara goma. Na 2020 korona ta ɗage shi zuwa 2022.

Mu fa? Takardun da na karanta a rediyo ban san inda suke ba yau.