Daga Mazari Zuwa Allura: Tarihin Sana'ar Hannu ta Matan Aure a Ƙasar Hausa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne ɗinki da sauran sana'o'in hannu na matan aure a ƙasar Hausa, watau yadda mace mai miji da 'ya'ya, wadda girki da wanki da raino suka cinye mata yini, take koyon sana'a har ta ci moriyarta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan zancen tsakar gida ne, me ya kawo shi zauren jami'a? To, tarihin arzikin Kano da Zazzau da Katsina na ƙarni na 19 ba ya cika sai da shi. Abin da nake so in nuna kuwa shi ne, allurar da muke gani a hannun mata yau baƙuwa ce a hannunsu. Mazari suka gada kaka da kakanni, kuma sai da mazari ya faɗi sa'an nan suka ɗauki allura.

Bari mu fara da shekarar 1851. A cikin watan Fabrairu na wannan shekara ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya shiga birnin Kano. Ba abin da ya ba shi mamaki kamar tufa. Ya tarar ana kai saƙar Kano da rininta har Tumbuktu ta yamma, da Gat da Murzuk da Tarabulus ta arewa, ya kuma ƙiyasta kuɗin wannan tufa a shekara guda da wuri miliyan 300. Don mu gane nauyin wannan lissafi, shi da kansa ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun isa su riƙe iyali guda shekara ɗaya cikin wadata. In muka raba, abincin gida 5,000 ke nan ko fiye. Ya kuma lura da cewa ba a manyan ma'aikatu ake yin aikin ba irin na Turai, a cikin gidaje ake yinsa, mutane na zaune da iyalinsu.

Amma Barth namiji ne, kuma baƙo, saboda haka kasuwa da marina ya fi gani. Kowace riga da ya taɓa a kasuwar Kurmi, kowane turkuɗin Kura da Buzaye suke rububinsa, daga ɗakin wata mace ya faro. In an kawo auduga daga gona, mace ce za ta gurje ta a kan magurji ta fid da angurya, ta shiɓe ta da masaɓi har ta yi laushi, kana ta zauna da mazarinta mai gululu, tana shafa alli a yatsu, tana kaɗi. In zare ake so, siriri mai ƙarfi, ta matsa murza. In abawa ce, ta sassauta. Masaƙi guda yana iya cinye kaɗin mata da yawa, don haka babu yadda za a yi tufar Kano ta kai inda ta kai sai da dubban mata, 'ya'ya da bayi, suna kaɗi a birni da ƙauye.

Me ya sa kaɗi ya zama na mata, saƙar fari da rini da bugu da ɗinki suka zama na maza? Ana yawan cewa al'ada ce, a tsaya nan. Ni a ganina, in an duba irin wuri da irin lokacin da kowane aiki yake bukata, za a ga dalili. Masaƙar maza tana son fili, domin zaren yakan miƙe da nisa, an ɗaure shi ga kunkuru ana jansa a hankali. Rini yana son marina a waje, da ramukan baba da toka. Kaɗi kuwa ba ya son komai sai tabarma da taskira. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kaɗi yana haƙuri da katsewa. Jariri ya yi kuka, a ajiye mazari a ba shi mama. Tuwo ya nemi tuƙi, a tashi. In an dawo, zaren yana nan inda aka bar shi. Uwa ba ta da yini guda nata. Guntayen lokatai take da su, tsakanin hantsi da azahar, ko bayan an kwashe tuwon dare yara sun kwanta, sana'ar da za ta iya shiga waɗannan guntaye ita kaɗai ce za ta zauna mata. Ko masaƙar mata ma, wadda ake saƙa gwado da majanyi da ita, a tsaye take a jingine da bango cikin gida, ana iya barinta a komo.

Ɗinki kuwa, wanda a yau muke ɗauka aikin mata ne, na zaure ne a wancan zamani. Har yanzu akwai unguwa a birnin Kano da ake kira Soron Ɗinki, kuma kowa ya san soro wurin zaman maza ne. Malamai da almajiransu su ne suka shahara da aikin riga: malami ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari, almajiri ya bi zanen da tsamiya ko alharini, yana samun na abinci yana karatu. Allurar kanta ma daga nesa take zuwa, domin a cikin kayan Turai da Barth ya lissafa a kasuwar Kano har da allurai daga Nuremberg ta ƙasar Jamus, waɗanda suka ratso Sahara a bayan raƙuma.

Game da yadda ake koyo, muna da shaida mai daraja daga bakin mace. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin wata tsohuwa da aka sani da Baba ta Karo, aka buga shi a 1954. A cikin labarinta ana ganin duniyar da kaɗi yake tafiya tare da hira da raino da zumunci. Babu ranar da ake cewa yau an fara darasi. Yarinya tana zaune kusa da manya, ana miƙa mata ɗan aikin da ya dace da hannunta, yau ta tsince datti daga auduga, gobe ta gurza, wata rana a ba ta tsohon mazari ta ɓata abawa har ta iya. Sau da yawa ma ba mahaifiyarta ce malamarta ba. Kunyar ɗan fari da al'adar riƙo sukan sa yarinya ta tashi a hannun kaka ko goggo ko abokiyar zaman uwarta, kuma waɗannan sun fi mai jego sarari. Watau gidan gandu mai mata da yawa shi ne makarantar, shi ne kuma ya sa uwa mai goyo take samun hannun da zai karɓar mata yaro.

Kada mu manta da shari'a a nan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kan miji, abin da mace ta samu da hannunta kuwa nata ne. Miji yakan sayi zare a wurin matarsa ya biya, ba wanda zai ga abin mamaki. Da wannan kuɗi take zuba adashi, take yin biki ga ƙawayenta, take kuma tara tasoshi da kwanuka na kayan ɗakin 'yarta tun yarinyar tana goye. Duk wanda ya san abin da ake faɗa wa amaryar da aka kai ɗakinta babu jere ya san wannan ba wasa ba ne.

Zuwan Turawa ya taɓa wannan tsari ta hanya biyu masu karo da juna. Ta farko, mutuwar bauta, wadda aka soma da dokar 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, aka kammala a 1936. M. G. Smith, mijin Mary Smith, ya nuna cewa matan da suka fita daga bauta sun bar noma da ɗebo itace sun shiga kulle, domin zaman gida shi ne alamar 'ya. Ke nan yawan matan da ke neman sana'ar cikin ɗaki ƙaruwa ya yi. Ta biyu kuwa, kasuwar zarensu ce aka nufa da yaƙi. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka fi sani da BCGA, da niyyar kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Lankasha a dawo mana da ita a matsayin yadi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba, domin masu sayen auduga don kaɗi da saƙar gida sun riƙa biyan kuɗin da ya fi na kamfani, manoman Kano kuma suka juya ga gyaɗa. Mazari ya yi shekaru da dama yana ja da injin Mancesta.

Abin da ya kayar da shi a gida aka haife shi. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano. Zaren inji ya cika kasuwa, ga araha ga daidaito, masaƙan gargajiyar da suka rage ma suka koma kansa, atamfa da shadda kuma suka kori fari da saƙi daga jikin mutane. Cikin tsara guda kaɗi ya zama aikin tsofaffi.

To, ina matan suka nufa? Da yawa sun koma ga abincin sayarwa, ƙosai da ƙuli-ƙuli da fura da man gyaɗa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina wajen 1967, ta kwatanta wannan ciniki na gida-gida da saƙar zuma, kowane ɗaki kasuwa ne, ba kuwa a ganinsa daga waje. Sauran suka ɗauki allura. Gaskiya ne makarantun 'yan mata da aka buɗe a Katsina da Kano a 1930, da makarantar horon mata ta Sakkwato ta 1939, sun koyar da ɗinki da saƙa irin ta Turawa, amma ɗalibansu kaɗan ne, galibi 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e. Babbar ƙofar da talakawa suka bi ita ce hula. Ɗan kasuwa ya yanka ƙyalle, mai zane ya zana, a haɗa da zare a ba yaro ya shiga da shi cikin gida. Mace ta yi makonni tana cikewa, in ta gama a fito da ita a wanke a buga, a biya ta ladan ɗinki. Ku lura, hula ta gaji halin mazari sak: ba ta da nauyi, ba ta son jari, ana iya soke allura a ajiye a tashi. Arzikin man fetur na shekarun 1970, da komowar mulkin farar hula a 1979, sun sa kowane ma'aikaci da ɗan siyasa yana son zanna bukar da babbar riga. A birnin Zariya, kamar yadda binciken Elisha Renne ya nuna, a wannan tsakani ne mata suka shiga aikin babbar riga kanta, aikin da a da na malamai ne a zaure.

Akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba a cikin wannan sana'a, shi ne yaro. Matar kulle ba ta da ƙafa sai ta ɗanta. Shi ke sayo zare, shi ke kai aiki, shi ke karɓo kuɗi, 'yar kuma ta ɗauki talla ko ta goya ƙane. Enid Schildkrout ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a Kano daga 1976 zuwa 1978, daidai lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. Ta gano cewa samun mace ya dogara ƙwarai ga yaran da take da su a hannu, kuma wadda ba ta da mai yi mata talla takan koma ga irin su ɗinkin hula, waɗanda ribarsu ba ta kai ta abincin sayarwa ba. Ma'aikatan ilmi da yawa sun ɗauka jahilci ne kawai ya sa iyaye mata suke hana 'ya'yansu zuwa makaranta. Ba na goyon bayan a hana yarinya karatu, ko kusa. Amma wanda ya zo ya ɗauke wa mace ƙafarta daga safe zuwa azahar, bai kuwa tambaye ta da me za ta yi kayan ɗakin yarinyar ba, bai kamata ya yi mamaki in ta ƙi ba shi haɗin kai ba.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka buɗe cibiyoyin mata inda ake haɗa karatu da ɗinki da saƙa. A 1987 kuma Maryam Babangida ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara. An amfana, ba shakka, kuma keken ɗinki, Singer ko Butterfly, ya shiga jerin kayan ɗakin amare. Sai dai keke ba hula ba ne. Yana son kuɗin saye da na gyara, yana son awo da yanka, waɗanda ba a yinsu da rabin hankali, cibiya kuma tana son mace ta fita a ƙayyadadden lokaci, da iznin miji, da wanda za ta bar wa yara. Gidan gandun da ke ba da wannan hannu ya ragu, musamman a gidajen haya na birni. Saboda haka sau da yawa zawarawa da 'yan mata da waɗanda suka gama haihuwa su ne suka fi cika cibiyoyin, mai goyo kuwa ta ci gaba da koyo a wurin maƙwabciya ta kan katanga.

Masaƙar Kaduna da ta kashe mazari ita ma ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, yadin Sin ya cika Kantin Kwari. Injin aiki mai kwamfuta yana gama wuyan riga cikin sa'o'i. Duk da haka hular hannu da rigar hannu sun fi na inji tsada a kasuwa, kuma masu sayensu sun san bambanci. Wayar hannu ta karɓi wani kashi na aikin ɗan aike: ana tura hoton zane ta WhatsApp, ana biyan kuɗi ta banki, wasu matan ma a bidiyo suke koyon yanka bayan yara sun yi barci. Wadda ta iya wannan tana iya kaiwa ga mai saye kai tsaye. Wadda ba ta iya ba tana nan a kan tsarin da aka saba tun shekarun 1970, ɗan kasuwa ne ke kawo ƙyalle da zare, shi ke yanka lada, ita kuwa ba ta ganin kasuwar da ake sayar da hular.