Ƙofar da Aka Kulle: Akra 2001, da Tambayar Wanda Ke da Alhakin Ran Ɗan Kallo



A duk lokacin da aka yi rikici a filin ƙwallo, hukuncin da ya fi saurin fitowa daga bakinmu shi ne: 'yan kallo ne ba su da tarbiyya. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin kujera ba ta tashi sama da kanta, dutse ma haka. Sai dai tarihin manyan masifun filayen wasa ya nuna cewa fushin magoya baya shi kaɗai ba kasafai yake kashe mutum ɗari ba. Abin da ke kashe su shi ne abin da masu iko da fili suka yi, ko suka kasa yi, kafin fushin da kuma bayansa. Misali mafi kusa da mu Hausawa mazauna ƙasashen da ba mu ne masu rinjaye ba ya faru ne a Gana, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu 'yan zango ne irinmu.

Ƙungiyoyi biyu ne suka raba zukatan mutanen Gana tun zamanin Turawa: Hearts of Oak ta Akra, wadda aka kafa a 1911, da Asante Kotoko ta Kumasi, wadda aka kafa a 1935. Adawarsu ta haɗa gasar birni da birni da kuma alfaharin ƙabila, ta kuma shiga har cikin zangunan Hausawa. A Nima da Mamobi da Sabon Zongo na Akra, gida ɗaya kan rabu biyu, wa yana Hearts, ƙane yana Kotoko, kamar yadda a nan za ka tarar da abokai biyu ɗaya yana Renaissance ɗaya yana Tourbillon ko Gazelle.

Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a babban filin wasa na Akra. Kotoko ce ta fara cin ƙwallo, sannan a ƙarshen wasa Ishmael Addo ya ci wa Hearts biyu. Magoya bayan Kotoko ba su yarda da hukuncin alƙalin wasa ba, sai wasunsu suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa da su tare da kwalabe zuwa gefen fili. 'Yan sanda suka mayar da martani da barkonon tsohuwa, suka harba shi cikin rumfar da take cike maƙil. Wanda hayaƙin nan ya taɓa shiga idonsa ya san cewa ba a tsayawa shawara, gudu ake yi. Dubban mutane suka nufi matakala a lokaci guda, matakalar ƙunci gare ta, ƙofofin da ke ƙarshenta kuma a kulle. Na gaba suka tokare da ƙarfe, na baya ba su san abin da ke gaba ba, suka ci gaba da turowa. Mutum 126 aƙalla suka rasu, mafi yawansu saboda matsi ya hana ƙirjinsu buɗewa su shaƙi iska. Ba a taɓa yin asarar rayuka irin wannan a filin ƙwallo ba a nahiyar Afirka.

Gawarwakin an kai da yawansu asibitin soja da ake kira 37, inda iyaye suka yi ta layi suna duba fuskoki. Shugaban ƙasa John Kufuor ya ayyana makokin kwana uku. A Nima, inda makoki ya shiga gidaje da dama, matasa sun fusata har suka nufi ofishin 'yan sanda na unguwar, aka sake yin wata arangama a kan titi. Wato rikicin da ya fara tsakanin masu goyon bayan ƙungiyoyi biyu ya koma tsakanin unguwa da hukuma, kuma 'yan Hearts da 'yan Kotoko sun tsaya sahu ɗaya a wajen jana'iza.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne gargaɗi ya riga ya zo. A watan Disamba 2000, a wannan fili dai, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka tsakanin Hearts da Espérance ta Tunisiya, an harba barkonon tsohuwa har aka dakatar da wasa na wani lokaci. Sannan ranar 11 ga Afrilu 2001, wata guda kacal kafin abin Akra, mutum 43 suka mutu a turmutsitsi a filin Ellis Park na Johannesburg, a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babu wanda ya shafa.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto. Kwamitin ya ɗora babban laifi a kan 'yan sanda saboda wuce gona da iri, ya kuma nuna gazawar ginin filin da ta masu kula da shi, da rashin isasshen shirin ba da agajin gaggawa. An gurfanar da manyan jami'an 'yan sanda shida bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. A 2003 kotu ta sallame su, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kawo hujjar da ta isa ba. A nan ne wahalar wannan batu take. Wanda ya harba hayaƙi zai ce ba shi ya kulle ƙofa ba. Mai riƙe da mabuɗi zai ce umarni aka ba shi ya hana marasa tikiti shiga. Mai fili zai ce shi haya ya bayar, mai shirya wasa kuma zai ce tsaro aikin hukuma ne. Kowa ya riƙe guntun alhaki, sai ya zama babu mai ɗaukar dukansa. Abin da ya rage wa iyalai shi ne taron tunawa da ake yi duk 9 ga Mayu, wanda Herbert Mensah, shugaban Kotoko a wancan lokaci, ya daɗe yana tsayawa a kansa, da kuma gyaran da aka yi wa filin kafin gasar cin kofin Afirka ta 2008.

Ingila ta bi ta wannan hanya kafin Gana. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na birnin Sheffield, a wasan Liverpool da Nottingham Forest, kwamandan 'yan sanda ya ba da umarnin a buɗe wata babbar ƙofa don rage cunkoso a waje, ba tare da an tare hanyar da ke kaiwa ga rumfar da ta riga ta cika ba. Mutane suka kwarara ciki, na gaba suka matse a jikin shingen ƙarfe da aka kafa don hana 'yan kallo shiga fili. Mutum 96 suka rasu, daga baya adadin ya kai 97. Da farko aka yaɗa cewa magoya bayan Liverpool ne suka zo a buge suka fasa ƙofa. Binciken alƙali Taylor ya ce babban dalili shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taro, amma sai a 2016, bayan shekara 27 iyalai suna fafutuka, masu taya alƙali hukunci suka tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallo ba su da laifi. Abin da Ingila ta canza bayan haka shi ne abin lura. An cire shingayen ƙarfe, an ƙayyade wa kowace rumfa adadinta, an kuma sa kowace ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya sananne wanda lafiyar taro take wuyansa, tare da masu kula da jama'a da aka horar, 'yan sanda kuma aka bar musu aikin hana laifi.

Hukumar FIFA ma ta sa a cikin dokokinta na tsaron fili cewa jami'an da ke gefen fili kada su riƙe bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro. Rubuta doka daban, bin ta daban. Ranar 1 ga Oktoba 2022, a filin Kanjuruhan na Indonesiya, aka maimaita labarin Akra kusan daki-daki, hayaƙi a rumfa da ƙofofi masu ƙunci, mutum 135 suka mutu, alhali ma an hana magoya bayan ƙungiyar baƙi zuwa wasan. Ranar 1 ga Disamba 2024, a Nzérékoré ta Gini, jayayya kan hukuncin alƙalin wasa ta jawo jifa, jifa ya jawo hayaƙi, gwamnati ta ce mutum 56 suka rasu, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce adadin ya zarce haka nesa.

Maƙwabtanmu na tsallaken kogi ma sun ɗanɗana. Ranar 24 ga Janairu 2022, a ƙofar kudu ta sabon filin Olembe na Yawunde, kafin wasan Kamaru da Komoros a gasar kofin Afirka, mutum takwas suka rasu, 38 suka jikkata. A nan babu adawar magoya baya ko kaɗan, kusan duk jama'ar ƙasa ɗaya suke goyon baya. Shugaban CAF Patrice Motsepe ya faɗa a bainar jama'a cewa ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe an same ta a rufe. Fili sabo ne, an kashe masa dukiya mai yawa, amma ƙofa ɗaya ta isa.

A ƙasar Hausa kuwa, a watan Maris 2016, lokacin da Najeriya ta karɓi Masar a filin Ahmadu Bello na Kaduna, an bar jama'a su shiga kyauta, taron ya ninka abin da filin zai ɗauka, har matasa suka ɗare kan turakun fitilu da allon ƙidayar ƙwallaye. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, CAF ta ci tarar Najeriya. A watan Afrilu 2022, a filin Sani Abacha na Kano, wasan Kano Pillars da Katsina United ya ƙare da farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Hikimar wannan hukunci ita ce mai masauki shi ke da alhakin baƙonsa, abin da al'adarmu ta sani tun kafin zuwan ƙwallo.

Hasali ma ba baƙi ba ne mu a wajen sarrafa taron masu adawa. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, yana da ɓangarorinsa, Kudu da Arewa da Guramada, kowane da makaɗansa da masu yi masa kirari, kuma jini kan hau. Amma fagen dambe yana da dattawan da aka sani, waɗanda in suka shiga tsakani kowa ke janyewa, domin gobe za a haɗu da su a kasuwa. Haka a filin Idi, 'yan agaji ke tsara sahu da hanyar fita, kuma jama'a na jin maganarsu saboda 'ya'yan unguwa ne. Abin da Ingila ta gano bayan rasa mutum 97, wato cewa wanda taro ya sani ya fi mai kulki iya kwantar da taro, yana nan cikin tsarinmu na gargajiya.

Mu a Farca wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. 'Ya'yanmu ne ke cika motoci zuwa filin Idriss Mahamat Ouya, kuma su ne za su cika sabon filin Mandjafa mai ɗaukar mutum dubu 30 duk ranar da Sao ke wasa. A matsayinmu na marasa rinjaye, in abu ya ɓaci, muryarmu ba ta kai ta wasu nisa ba, kamar yadda iyalan Nima suka gani. Saboda haka tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi kafin wasa ne, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Tikiti nawa aka sayar, kuma mutum nawa rumfar ke ɗauka? Ƙofofin fita a buɗe suke tun daga farkon wasa har ƙarshensa, da mutum tsaye a kowace? Wane ne, da sunansa, yake da ikon dakatar da wasa? An yi yarjejeniya da 'yan sanda da jandarmomi cewa hayaƙi ba zai shiga rumfa ba? Motar asibiti za ta tsaya har jama'a su watse? Waɗannan tambayoyi sun dace da babban wasan ƙasa, sun kuma dace da gasar unguwanni da matasanmu ke shiryawa a lokacin hutu, inda igiya ce shinge kuma kwamitin matasa ne hukuma.

Namu guntun alhakin ma yana nan, kuma bai kamata mu ɓoye shi a bayan laifin hukuma ba. Kujerar farko da aka jefa a Akra hannun ɗan kallo ne ya jefa ta. Shugabannin magoya baya, da masu unguwa, da iyaye, su ne za su iya sa yaro ya san cewa alƙalin wasa na iya kuskure a bar shi ya koma gida lafiya, kuma baƙon da ya zo da rigar wata ƙungiya amana ce a hannunmu har ya hau motarsa. Wanda ya yi jifa a hukunta shi da sunansa. Wanda ya kulle ƙofa da wanda ya ba da umarnin harba hayaƙi su ma a san sunayensu tun kafin a busa usur.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Akra da Olembe da sauran wurare, ya kuma dawo mana da 'ya'yanmu gida lafiya duk ranar wasa.