Bangaskiya, Shakka da Hujja a Koyarwar Kirista

Dangantakar bangaskiya da shakka da hujja tsohuwar muhawara ce a tauhidin Kirista, kuma har yau ana tattauna ta a majami'un Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Tambayar ita ce: shin dole mai bi ya ga dalili kafin ya gaskata?

Labarin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin Bisharar Yohanna, sura 20. Manzo Toma ya ƙi yarda cewa Yesu ya tashi daga matattu sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwansa. Yesu bai kore shi ba. Ya nuna masa raunukan, sa'an nan ya yaba wa waɗanda suka gaskata ba tare da gani ba. Cocin Katolika na karanta wannan labari kowace shekara a Lahadin da ke bin Ista.

Dayosis ta Katolika ta Jalingo, wadda aka cire daga ta Yola a 1995 da Ignatius Kaigama a matsayin bishop na farko, ta gaji aikin limaman ƙungiyar Agustin 'yan ƙasar Ailan. Shi Agustin, wanda ƙungiyar ke ɗauke da sunansa, kuma wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa bangaskiya ce ke buɗe ƙofar fahimta, amma bai raina tunani ba. Paparoma John Paul II ya sake jaddada haɗin bangaskiya da hankali a wasiƙarsa Fides et Ratio ta 1998.