Toka da Mai: Tarihin Sana'ar Sabulu

Duk almajirin da ya buɗe Ahalari a gaban malaminsa, tun a babin tsarki yake cin karo da sabulu, domin Shehu Abdurrahman al-Akhdari, wanda ya rayu a ƙasar Aljeriya a ƙarni na 16, ya lissafa shi cikin abubuwan da in suka jirkita launin ruwa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, to, ruwan nan ba ya kawar da najasa, sai dai a yi hidimar gida da shi. Wannan ambato ya isa hujja cewa a zamanin nan sabulu ya riga ya zama kayan yau da kullum a biranen Magrib, har fakihi ya ga dacewar buga misali da shi ga yaro mai fara karatu. To, amma hukuncin ruwan ne kaɗai littafin ya zo da shi. Labarin masu dafa sabulun, da yadda sana'arsu ta bunƙasa, da yadda daga baya ta suɓuce daga hannunsu, shi ne abin da nake nufin kawowa a nan.

Asalin al'amarin abu biyu ne waɗanda babu gidan da ya rasa su, wato toka da mai. In aka tace toka da ruwa, aka dafa ruwan tare da mai ko kitse har suka narke cikin juna, sai a sami wani abu na uku wanda yake kama maiƙo ya kuma bi ruwa, ya tafi da dauɗa. Mutanen ƙasar Iraƙi ta dauri sun san haka fiye da shekara 4,000 da suka wuce, suna wanke ulu da shi. Rumawa kuwa, duk da shaharar gidajen wankansu, mai suke shafawa a jiki su kankare da wani lanƙwasasshen ƙarfe. A zamanin daulolin Musulunci sana'ar ta bunƙasa a kasuwa, har likita irin su Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya bayyana yadda ake haɗa shi.

Ƙasar Sham ce ta ɗauki tutar wannan sana'a, saboda Allah ya hore mata zaitun, ya kuma hore mata wani tsiro na ƙasa mai gishiri wanda a da Larabawan ƙauye suke tarawa su ƙone, su ɗora tokarsa a raƙuma su kai birni. A Nabulus ta Falasɗinu, inda a ƙarshen ƙarni na 19 ake da masana'antu wajen 30, a wancan lokaci ana zuba man zaitun a wata ƙatuwar tukunyar tagulla da aka gina bisa murhu, a riƙa ƙara masa ruwan tokar da aka gauraya da farar ƙasa, ana motsawa da dogon katako kwana da kwanaki, har sai babban ma'aikaci ya gwada ya ce ya nuna. Sa'an nan a kwashe shi a bokitai a hau da shi bene, a malala a daɓe, in ya sandare a ja zare mai jan launi a fitar da layuka, a bi kowane gida da guduma a buga masa hatimin mai masana'anta, wani raƙumi, wani mabuɗai biyu, kana a yanka. Daga nan sai a jera gutattakin a kewaye, ana barin 'yar kafa a tsakaninsu don iska, har su tashi sama kamar rumbu, a bar su watanni suna bushewa. Mutanen Halab kuma suna ƙara man wani itace da suke kira gar, shi ya sa sabulunsu in ya shekara bayansa ya koma ruwan zuma, cikinsa kuwa kore shar. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da sana'ar biranen nan biyu cikin gadon al'adun duniya, bayan yaƙi da talauci sun riga sun rufe mafi yawan masana'antunsu.

Turawa sun bi wannan tafarki a garuruwan bakin Bahar Rum, musamman Marsel ta Faransa, inda a 1688 Sarki Luwis na 14 ya kafa doka cewa kada a sa kitsen dabba a sabulun garin, sai man zaitun zalla. A Ingila kuwa haraji aka ɗora masa tun 1712, ba a janye ba sai 1853, saboda haka talaka bai cika samunsa ba.

Mu a nan ƙasar Hausa, sana'ar ta zauna ne a cikin gida, a hannun mata, kuma ita ce ta haifi sabulun salo. Mace za ta tara karan dawa ko na gero ta ƙone, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya da aka huhhuda gindinta aka shimfiɗa ciyawa a ciki, ta ɗora bisa wata, ta riƙa zuba ruwa yana ɗiga a hankali. Ruwan tokar nan shi za ta dafa har ya yi ƙarfi, ta kawo man kaɗe ko kitse ko abin da ya sauwaƙa na mai, ta tsaya a kan wuta da muciya tana tuƙawa, yana kumfa yana tasowa tana mayar da shi, har ya yi duhu ya kama jikinsa, ta sauke ta cuccura. Ba ta da ma'auni sai ido da hannu, amma ta san in toka ta yi rinjaye zai ci fata, in mai ya yi rinjaye ba zai yi kumfa ba. Ni kam ban ga abin da ya raba wannan sani da ilimi ba, face dai ba a rubuta shi a takarda ba. Dalilin da ya sa nata yake da laushi, na Sham kuwa da tauri, shi ne bambancin gishirin da ke cikin tokar: na tsiron ƙasa mai gishiri yana sandarar da sabulu, na kara da itace ba ya yi. Maƙwabtanmu Yarbawa da mutanen Gana suna yin irinsa da tokar ɓawon ayaba da na koko, suna haɗawa da man ƙwarar manja.

Abin da ya karya wannan tsari duka, daga Nabulus har Kano, shi ne ranar da aka daina bukatar toka. A 1791 wani likita Bafaranshe, Nikola Lablan, ya sami hanyar fitar da soda daga gishirin miya, kuma ko da yake shi kansa bai ci moriyarta ba, don juyin juya halin ƙasarsu ya ƙwace masana'antarsa ya mutu a matsiyaci a 1806, hanyar tasa ta sa soda ta yi araha ta wadata. Da aka sami soda, sai ya rage mai, kuma man nan a wurinmu aka same shi. Jiragen Libaful suka yi ta jigilar manja daga bakin kogin Kwara. Wiliyam Liba, wanda ya kafa kamfaninsa a 1885 ya cika duniya da sabulun Sunlight, ya saye Kamfanin Neja a 1920 domin ya riƙe mai tun daga tushensa. Jirgin ƙasa kuwa da ya iso Kano a 1911 ya buɗe wa gyaɗa hanyar teku. Haka aka wayi gari manomi yana sayar da mai da araha, ya sayi sabulun kanti da tsada, har ya riƙa jin kunyar a ga na salo a bayinsa. Kafa masana'antu a Apapa da Aba daga baya ya rage tafiyar, bai mayar da sana'ar ga masu ita ba.

Duk da haka sabulun salo bai mutu ba, yana nan a kasuwannin ƙauye da na birni, mata suna nemansa don gyaran fata, har ma ana fita da baƙin sabulun Afirka ta Yamma zuwa Turai da Amurka. Abin da nake tsoro shi ne yankewar isnadi, domin 'yan matan da ake koya wa sana'ar sabulu a yau da sodar kanti ake koya musu, wadda ke ƙona hannu da ido in aka yi sakaci, ba a kuwa nuna musu tace toka. Ina roƙon masu shirya wannan horo, da malaman kimiyya na jami'o'inmu, su nemi tsofaffin da suka iya, su zauna a gabansu da ladabin ɗalibi, su auna abin da suke yi su rubuta shi da Hausa, tun suna da rai.