Daga Kuɗin Karofi Zuwa Harajin Riba



Kwanakin baya wani saurayi maɗinkin huluna ya zo zauren Maigida a nan Kumasi da wayarsa a hannu, ransa a ɓace. Shekara biyu ke nan yana tallar hulunansa a Facebook da Instagram, ana aiko masa da kuɗi ta waya daga Ankara da Tamale da Takoradi. Wani ya gaya masa duk abin da ya shiga wayar nan a kansa za a yanka masa haraji. Da muka tambaye shi nawa ya kashe a zare da yadi da kuɗin aike, sai ya yi shiru, domin bai taɓa rubutawa ba. Wannan shirun ne ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihi, saboda tsoron nan da ya kama shi gādo ne, kuma yana da asali.

A Kanon da kakannin da yawa daga cikinmu suka baro, ba a tambayar mai sana'a abin da ya samu. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta harajin da ya tarar. Kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Kowace rijiyar rini tana da kuɗin karofi wuri 700 a shekara, kuma ya ƙiyasta irin waɗannan rijiyoyi sun haura 2,000 a cikin birni kaɗai. Bishiyar dabino ma da nata, wuri 600. A lura da inda harajin ya sauka: a kan ramin, a kan bishiyar, a kan ƙofar gida. Marini ya sayi baba da tsada ko da araha, turkuɗinsa ya karɓu a kasuwa ko ya yi kwantai, wuri 700 ɗin nan ba ya motsi. Mai karɓa yana ƙirga abin da idonsa ya gani, shi ke nan. To wanda aka yi wa haka tsawon zamani, me zai koya in ba ɓoye rami ba?

Kuma wannan bayan jihadi ne. Kafin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya soki sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi a kan kuɗaɗen da suke ɗora wa talakawa waɗanda shari'a ba ta zo da su ba, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, da abin da ake tsakura daga kayan masu sayarwa a kasuwa. Ga shi shekara arba'in da 'yan kai bayan cin Kano, mai rini yana biyan kuɗin raminsa. Mulki kowane iri ne, baitulmali ba ya son zama wofi.

Fatake da suka ɗauko waɗannan riguna da takalma da kanwa zuwa Gwanja don su koma da goro, nasu harajin a hanya yake. Kowane gari da gaisuwar sarkinsa, kowane kogi da kuɗin fito. Madugu ne ke cinikin abin da ayari zai biya, a raba bisa yawan jakai da kaya. In an sauka Salaga, maigidan da ya ba da masauki da dillalin da ya haɗa ciniki su ɗauki la'adarsu. Falke nagari ya san duk waɗannan a ka: abin da ya sayo, abin da hanya ta ci, abin da dillali ya ci, sannan abin da ya rage shi ne riba. Lissafin yana yi wa kansa ne da ubangidan da ya ba shi jari. Babu hukumar da ta taɓa neman gani.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, jama'a suka nufi Kete-Krachi da Kintampo da Yeji da Kumasi da Ankara, zangunanmu suka ƙara cika. Turawan Ingila da suka kama arewa suka kafa nasu shingayen karɓar kuɗin ayari, ba su daɗe ba suka soke su. A bakin teku kuwa sun riga sun sha ɗanɗana: harajin kai na 1852, sule ɗaya kan kowane mutum, ya jawo boren 1854 har aka yi wa Osu da Labadi da Teshie ruwan igwa, daga baya harajin ya mutu. Lampon da iyayenmu suka biya daga baya shi ma na kai ne. Rasiɗinsa dai ya yi rana, kuma waɗanda suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa, sun san darajar kowace 'yar takarda mai hatimi da aka adana a ƙasan akwati.

Sai dai akwai wani lissafi da muka gāda wanda bai yi kama da kuɗin karofi ba ko kaɗan, kuma a gaban malamai muka koye shi. Duk wanda ya karanta babin zakka a Risala ya san ɗan kasuwa iri biyu ne: mudiri mai jujjuya kaya kullum, da muhtakiri mai ajiyewa yana jiran farashi. Mudiri yana zaɓar wata guda a shekara ya yi wa hajarsa ƙima, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, in ta kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Allura da almakashi da masaƙa ba sa shiga ƙimar, domin kayan aiki ne, ba haja ba. Bashin da ake binsa kuma ana duba shi kafin a ce zakkar kuɗi ta wajaba. Wato cirewa kafin a yanka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba muna cewa haraji zakka ba ne, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan. Amma kwakwalwar da ta iya lissafin mudiri ba za ta kāsa na hukuma ba.

Dokar harajin kuɗin shiga ta Gana ta 2015, wadda Hukumar Tara Haraji, GRA, take aiki da ita, a kan riba ta ɗora harajin sana'a. Ta yarda a cire duk abin da aka kashe kacokan, kuma bisa larura, wajen samar da kuɗin. Ga maɗinkin hula ko baduku ko mai saƙar kwando, wannan ya haɗa da zare da yadi da fata da rini, da ladan wanda ya taya shi aiki, da takardar naɗe kaya, da kuɗin ɗan babur ko motar da ta kai saƙo, da kuɗin tallar da ya biya a shafi. Kason da kasuwar intanet irin su Jumia take yanka a kan ciniki shi ma ana cire shi. Dillalin Salaga ne ya dawo da sabuwar riga, la'ada kuwa la'ada ce. Keken ɗinki da makamantansa da ke daɗewa ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, waɗannan doka ba ta karɓe su ba. Abin da ke wahalar da mutanenmu shi ne wanda aka yi tarayya a cikinsa: waya ɗaya ce ake ciniki da ita ake kuma gaisawa da dangi, ɗaki ɗaya ne ake ɗinki ake kwana. A nan sai an ware rabon sana'a da gaskiya.

Misali, hula ta tafi a sidi 200. Zare da yadi sun ci 60, aike 25, la'ada 20, leda da kuɗin intanet 10. Abin da ya rage 85 ne, shi ake tarawa a ga ko ribar shekara ta kai inda haraji ke farawa. Wanda ba shi da rasiɗi ko littafi, da me zai nuna cewa 115 ɗin nan ba aljihunsa ta zauna ba? Akwai kuma tsari mai sauƙi na ƙananan masu sana'a, inda ake biyan ƙayyadadden kuɗi ko a lissafa bisa jimlar ciniki ba tare da cire komai ba. Wannan jikan kuɗin karofi ne. Ya fi sauƙi, amma wanda kayan aikinsa ke da tsada ya auna da kyau kafin ya zauna a cikinsa.

Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a watan Mayun 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage zuwa kashi 1 a 2023, aka soke a 2025, ya mayar da wasu daga cikinmu ga karɓar tsaba. A ganinmu asara suka yi, domin tarihin da waya ke ajiyewa shaida ce a hannun mai ita, muddin kuɗin zaren ma ta nan ya bi.

Saurayin nan Maigida ya sa muka zauna da shi kwana uku bayan la'asar, muna bin saƙonnin wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Na aike da na talla duk mun same su. Na zare kuwa a Kejetia yake saye da tsaba, babu ko takarda ɗaya, sai abin da mai shagon ya iya tunawa. Yanzu an saya masa littafi mai shafi biyu, shiga da fita, yana rubutawa da ajami saboda shi ya fi masa sauri. An gaya masa lambar Ghana Card ɗinsa ita ce lambar harajinsa, bayanin shekara ana miƙa shi kafin ƙarshen Afrilu, kuma doka ta ce a adana littafin shekara shida.