County Hall, Hedikwatar Majalisar Gundumar Landan

County Hall babban gini ne a unguwar Lambeth, a gaɓar kudu ta kogin Thames, daura da gadar Westminster. Shi ne mazaunin Majalisar Gundumar Landan daga 1922 zuwa 1965, sannan na Majalisar Babban Birnin Landan har zuwa 1986. Littattafai sun saɓa a kan shekarun gina shi. Wasu sun ce an fara a 1909, wasu 1911, wasu 1912, kuma da yawa suna rubuta 1922 a matsayin shekarar kammalawa. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda aka yi aikin kashi-kashi cikin shekaru masu yawa.

An kafa Majalisar Gundumar Landan a 1889 da kansiloli 118 da dattawan majalisa 19, Lord Rosebery ne shugabanta na farko. Ta gaji ofisoshin tsohuwar hukumar ayyuka ta birnin a Spring Gardens, kusa da dandalin Trafalgar. Ba a daɗe ba wurin ya yi mata kaɗan, musamman bayan 1904 da aka ɗora mata kula da makarantun birnin. Ma'aikata suka warwatsu a gidajen haya, takarda ɗaya sai ta zaga tituna da yawa kafin a sa mata hannu.

Filin da aka zaɓa ba wurin alfarma ba ne a lokacin. Matsayar jiragen kaya ce da rumbunan katako da masana'antu, wani ɓangarensa kuma ana kiransa Pedlar's Acre. Amma yana kallon Majalisar Dokokin Birtaniya ido da ido, kogi kawai ya raba su, kuma wannan matsayi ne ya tsara kusan duk abin da ya same shi daga baya. Jam'iyyar masu ra'ayin ci gaba ce ta tsai da shawarar wurin. A zaɓen majalisar gundumar na 1907 abokan hamayyarta suka kayar da ita bisa zargin almubazzaranci da kuɗin jama'a, sai ga shi su ne suka gaji aikin kuma suka ci gaba da shi.

A 1907 aka buɗe gasar zane, a farkon 1908 aka bayyana Ralph Knott a matsayin wanda ya ci. Shekarunsa 29, ba shi da wani babban gini da aka san shi da shi. An gyara zanensa sosai kafin a amince, ya kuma yi aiki tare da W. E. Riley, babban mai zanen gine-gine na majalisar. Gyara mafi muhimmanci shi ne mayar da wata lanƙwasa ta ginin mai siffar jinjirin wata zuwa gefen kogi, inda jerin ginshiƙanta suka zama fuskar ginin da kowa ya sani. An lulluɓe bangon da farin dutsen Portland.

Kafin a ɗora komai sai da aka tare kogin. A 1909 aka fara gina katangar gaɓa, shi ya sa wannan shekara ta fi cancanta a kira ta farkon aiki. Ana cikin haƙa a 1910 leburori suka tono ragowar wani jirgin ruwa na zamanin Rumawa da aka yi da katakon oak, wanda masana suka danganta da wajen shekara ta 300 bayan haihuwar Annabi Isa. Sarki George na Biyar ya aza harsashi ranar 9 ga Maris 1912, wannan ce ranar da masu ƙidaya daga 1912 suke riƙe da ita. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya janye ma'aikata da kayan gini, aiki ya tsaya a 1916, ba a koma ba sai bayan yaƙin. Sarkin ya dawo ya buɗe ginin ranar 17 ga Yuli 1922, alhali ɓangaren arewa bai tashi ba. Knott ya rasu a 1929 bai ga ƙarshen aikinsa ba. A 1933 aka gama babban ginin, kuma wannan ce shekarar da ya dace a rubuta.

Shekara guda bayan haka jam'iyyar Leba ta karɓi majalisar ƙarƙashin Herbert Morrison, ta riƙe ta har aka rushe ta a 1965. Daga ofisoshin nan aka riƙa tafiyar da makarantu, asibitoci, gidajen talakawa, hukumar kashe gobara da magudanan ruwa na mutane sama da miliyan huɗu. Aiki ya sake fin wurin yawa, aka fara ƙarin gine-gine biyu a bayansa a 1936, aka kuma ƙara wani a 1974 wanda aka rushe a 2006.

Bayan Ken Livingstone ya zama shugaban Majalisar Babban Birnin Landan a 1981, an riƙa kafa babban allo a saman ginin mai nuna adadin marasa aikin yi a Landan, yadda 'yan majalisar dokoki za su gani daga ƙetaren kogi. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo dokar rushe majalisar a 1985, majalisar ta daina aiki ranar 31 ga Maris 1986. Hukumar ilimi ta tsakiyar Landan ta zauna a ciki har 1990. An nemi a mayar da wurin mazaunin Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, da hakan ya yiwu da ya fi dacewa da ginin jama'a, amma aka sayar wa kamfanin Shirayama na Japan a kan fam miliyan 60.

Yanzu akwai otal-otal a ciki, da gidan kallon kifaye da aka buɗe a 1997. Tun 2017 ake wasan kwaikwayo a zauren da kansiloli suke zama a da. Da aka maido wa Landan gwamnatin birni a 2000, sabon gini aka yi mata kusa da gadar Tower.