Yadda Besbol Ya Tashi Daga Hannun Yara Ya Koma Hannun Attajirai

A shekarar 1791 mutanen garin Pittsfield, a jihar Massachusetts ta Amurka, sun gina sabon ɗakin taro, sai tsoron fashewar gilasan tagogi ya kama su. Suka kafa doka cewa duk wanda ya yi wasan ƙwallo a cikin tazarar yadi 80 daga ginin zai biya tarar sule biyar. A cikin wasannin da dokar ta lissafa akwai kurket, akwai kuma besbol. Ba a kafa doka a kan abin da babu shi. Ke nan tun a lokacin yara sun riga sun addabi gari da wannan wasa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki, ya ruga ya bi ta wasu tashoshi ya dawo inda ya taso kafin abokan hamayya su tare shi da ƙwallon. Duk wanda ya kewayo lafiya ya ci maki ɗaya. Wannan wasa yana da dangi da yawa a Turai: lapta a Rasha, oina a Romaniya, sai Ingila mai kurket da rounders. A 1744, shekarar da aka rubuta dokokin kurket, wani mai buga littattafai a Landan, John Newbery, ya fitar da littafin yara mai ɗauke da sunan besbol da zanen yara suna yin sa. A 1749 wata jarida ta ba da labarin yarima mai jiran gado, Frederick, yana buga shi a Surrey. Daga Ingila baƙin haure suka haye teku da shi, kowane gari yana yin sa yadda ya ga dama.

Tarihin kafuwar besbol a matsayin hukuma ya soma ne a New York. A watan Satumba na 1845 wasu akawuna da 'yan kasuwa da likitoci suka kafa kulob mai suna Knickerbocker, suka rubuta dokoki 20. An daɗe ana jingina wannan aiki ga Alexander Cartwright shi kaɗai, amma William Wheaton, lauya, yana cikin waɗanda aka ɗora wa rubutun, kuma daga baya ya ce ya riga ya rubuta irinsu ga kulob ɗin Gotham tun 1837. Gine-gine sun cinye filayen Manhattan, don haka sai su hau jirgin fito su ƙetare kogin Hudson zuwa Elysian Fields a Hoboken. Su yi wasa, su ci abinci, su watse. Akwai tara ga wanda ya yi ashar ko ya yi jayayya da alƙali. Nasara ba ta dame su sosai ba: a ranar 19 ga Yuni, 1846, wata ƙungiyar New York ta lallasa su da ci 23 da 1.

Abubuwa biyu a dokokinsu sun fi sauran nauyi. Na farko, sun hana jifan mai gudu da ƙwallo. A da, kuma haka aka ci gaba da yi a Massachusetts, hanyar fitar da mai gudu ita ce a maka masa ƙwallon a jiki. Da aka daina, sai ya yiwu a yi ƙwallo mai tauri wadda ke tafiya nesa, wasa ya zama na manya. Na biyu, sun ja layuka biyu suka ce ƙwallon da ta fita bayansu ba ta ƙirgu ba. Wannan ya tattara wasa wuri guda, ya bar gefe ga 'yan kallo. Ba su sani ba, sun share wa masu sayar da tikiti wurin zama.

Mutumin da ya kamata a fi tunawa shi ne wani likita, Daniel Adams, wanda ya shugabanci kulob ɗin shekaru da dama. Babu kantin sayar da ƙwallo a lokacin, shi yake haɗa ta da hannunsa: ya yanka robar tsofaffin takalman ruwa, ya naɗe da zare, ya rufe da fata. Ƙwallon ba ta da nauyi, ba ta jefuwa da nisa, sai ya riƙa tsayawa a tsakiya yana karɓa daga na bakin fili yana miƙa wa na ciki. Daga nan aka samu sabon matsayi a fili, wanda har yau yana nan. A 1857, da ƙungiyoyi 16 na yankin New York suka hallara don daidaita dokoki, shi ya shugabanci taron. A nan aka tsayar da ƙafa 90 tsakanin tasha da tasha, aka bar tsohon tsarin duk wanda ya riga kai maki 21 ya ci, aka koma turmi tara, kamar yadda 'yan dambe ke ƙirga nasu. A 1858 taron ya zama ƙungiyar 'yan wasan besbol ta ƙasa, ko da yake “ƙasar” ba ta wuce New York da kewayenta ba.

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya gauraya sojoji daga jihohi daban-daban, tsarin New York ya bi su gida. Zuwa 1867 ƙungiyoyi fiye da 400 ne a ƙarƙashin hukumar. Kurket, wanda Amurka da Kanada suka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a kansa a 1844, ya koma baya. Ma'aikaci ba shi da kwana biyu ko uku na zubarwa a fili.

A wannan shekara ta 1867 hukumar ta yi abin kunya. Kulob ɗin Pythian na baƙaƙen fata a Philadelphia, ƙarƙashin malamin makaranta Octavius Catto, ya nemi shiga reshen jiharsa, aka matsa masa ya janye. A watan Disamba uwar ƙungiya ta yanke cewa ba za ta karɓi duk kulob mai baƙar fata ko da ɗaya ba. An harbe Catto a ranar zaɓe a 1871. In ban da wasu 'yan tsiraru irin su Moses Fleetwood Walker a 1884, ƙofar manyan gasa ba ta buɗe ba sai 1947, da Jackie Robinson.

Kuɗi kuwa tuni sun shigo. A 1858 an karɓi santi 50 a ƙofa don kallon zaɓaɓɓun New York da na Brooklyn. A 1862 William Cammeyer ya kewaye fili da shinge a Brooklyn. Doka ta hana biyan ɗan wasa, sai a sama masa aikin ofis da ba ya zuwa. 'Yan caca suka cika fili. A 1865 aka kama 'yan wasa uku na kulob ɗin Mutual da sayar da wasa. Da munafunci ya yi yawa, sai aka halatta albashi. A 1869 Harry Wright, haifaffen Sheffield, ɗan gwanin kurket, ya haɗa Cincinnati Red Stockings da 'yan albashi zalla. Ƙanensa George na karɓar dala 1,400. Suka zagaye ƙasar har San Francisco ba a ci su ko sau ɗaya ba, sai a Yunin 1870 da Brooklyn Atlantics ta doke su 8 da 7.

A 1871 ƙwararru suka kafa tasu ƙungiya, kuɗin shiga dala 10 kacal. Ƙananan kulob su shigo, su karye a tsakiyar kaka. 'Yan wasa su sa hannu nan su gudu can. Boston ta ci kofi shekara huɗu a jere har abin ya gundura. Wani ɗan kasuwar Chicago, William Hulbert, ya ga dama. Ya fara da zawarcin taurarin Boston, ciki har da Albert Spalding, sannan a ranar 2 ga Fabrairu, 1876, a wani otal a New York, ya kafa National League da ƙungiyoyi takwas. Wannan karon hukumar ta masu kulob ce, 'yan wasa ma'aikata ne. Ba a karɓar garin da bai kai mutum 75,000 ba. A ƙarshen kakar farko ya kori New York da Philadelphia, birane mafi girma, don sun ƙi cika tafiye-tafiyensu. A 1877 ya haramta wa 'yan Louisville huɗu wasa har abada saboda sayar da wasa. A 1880 aka sallami Cincinnati kan sayar da giya da wasan Lahadi.

Hulbert ya tsaftace wasan, wannan ba a musu. Amma a ƙarƙashinsa ne, a 1879, masu kulob suka ƙulla cewa kowa zai riƙe 'yan wasa biyar da ba mai ikon taya su. Biyar ɗin nan ta faɗaɗa ta haɗiye kowa, ɗan wasa ya rasa ikon zaɓar inda zai yi aiki har zuwa 1975. Su kuwa Knickerbocker, da suka ƙi kuɗi, sun watse a farkon shekarun 1880 ba wanda ya kula.

Spalding, wanda ya zama attajirin kayan wasanni, bai so a ce wasan ƙasa yana da tushe a Ingila. Ya sa aka naɗa kwamiti a 1905, kwamitin ya dogara da wasiƙar wani tsoho, Abner Graves, ya ce Janar Abner Doubleday ne ya ƙirƙiri besbol a Cooperstown a 1839. A shekarar ta 1839 Doubleday ɗalibi ne a makarantar soja ta West Point, kuma bai taɓa ikirarin haka ba har ya mutu a 1893. Duk da haka a Cooperstown aka buɗe gidan karrama gwanaye a 1939. Hulbert bai shiga ba sai 1995. Da aka kawo sunan likita Adams a 2015, ƙuri'a 10 ya samu, ana bukatar 12.